Kisan ƙauye: abin da na gani da idona

Assalamu alaikum. Malam, tambayar nan taka, cewa me ya sa a ƙauye inda kowa ya san kowa har ya san akuyar gidan wane, sai a kashe mutum a shekara ashirin ko talatin ba a gano wanda ya yi ba, wallahi ta fama min tsohon miki, don a gidanmu aka yi. Ka yi haƙuri zan ɗan ja magana.

Ina ɗan shekara 12, da kaka ne an gama girbin gero ana ɗaurin dammuna, baffana ƙanin mahaifinmu ya kai bijimi kasuwa ya sayar. Har aka yi isha'i bai dawo ba, aka ce ƙila ya kwana wurin abokinsa don ya saba yin haka. Da sassafe wani yaro mai kiwo ya tsince shi a bakin burtali, an sare shi a ƙeya. To tun daga nan aka fara ɓata komai. Kafin hantsi duk garin na wurin, maza da mata da yara, wannan ya juya shi wancan ya ɗauki hularsa, wani ma ya tsinci sandarsa ya goge jinin da ciyawa don kar kakarmu ta gani. Akwai wani tsohon maharbi a garinmu gwanin bin sawu, ko akuya aka sace shi ake kira, da ya iso ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa sai ya ce, sawun wa zan bi a nan? Ni ina bayan babana riƙe da gefen rigarsa, ina jin yadda jikinsa ke rawa.

Aka yi masa sutura, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ban ga laifin kowa a nan ba, haka aka koya mana a gaggauta kai mamaci, kuma wa zai iya zama da gawar ɗan'uwansa cikin wannan zafin yana jiran hukuma? Lokacin babu waya, sai da mai unguwa ya tura mutum a keke wurin dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, 'yan sanda sai washegari da la'asar suka iso. Ba gawa, ba sawu, ba makami. Suka rubuta abin da suka rubuta, suka tafi da mutum biyu, bayan sati aka yi belinsu, shi ke nan.

Amma ga inda maganar take. Wajen wanka an sami lalitarsa a aljihun ciki, kuɗin bijimin na nan ko sisi ba a taɓa ba. Ka ga ba fashi ba ne ke nan. Kuma duk garin an san akwai rikicin gonar gado tsakaninsa da wani, har sun taɓa ɗaga wa juna fartanya a gaban mutane. Shi wannan mutumin kuwa mijin goggonmu ne, 'ya'yansa da mu kwano ɗaya muke ci. Da ɗan sanda ya tambayi babana ko yana zargin wani, shiru ya yi, can ya ce mun bar wa Allah. Na daɗe ina jin haushin wannan amsar, sai da na girma na gane cewa in ya buɗe baki auren ƙanwarsa ya mutu, yara bakwai sun zama 'ya'yan mai kisa, zumunci ya tsinke har jikoki, kuma ba shi da wata shaida a hannu sai zato. A birni mai ba da shaida zai iya canja unguwa, a ƙauye kuwa rijiya ɗaya ce, masallaci ɗaya, maƙabarta ɗaya.

Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne. Akwai wani kisa da aka yi a Jamus wanda duk sanda na tuna shi sai na ga garinmu. Wani gidan gona ne da ake kira Hinterkaifeck a yankin Bavariya, kamar kilomita 70 arewa da birnin Munik. Daren Juma'a 31 ga Maris 1922 aka kashe mutum shida a gidan da wani ƙarfen noma mai kama da diga: maigidan Andreas Gruber da matarsa, da 'yarsu Viktoria wadda mijinta ya mutu a yaƙin duniya na ɗaya, da 'ya'yanta biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 2, sai 'yar aiki wadda ranar nan ta fara aiki a gidan, baiwar Allah ko kayanta ba ta gama kwancewa ba. Kwanaki kafin nan maigidan ya gaya wa maƙwabta ya ga sawu a kan dusar ƙanƙara daga daji zuwa gidansa amma bai ga na komawa ba, ga makullin gida ya ɓata, ga wata jarida da ya tsinta wadda ba wanda ya saya a gidan. Bai kai ƙara ba.

Yarinyar ba ta je makaranta ran Asabar ba, ran Lahadi ba a gan su a coci ba, amma ba a gano gawarwakin ba sai Talata 4 ga Afrilu, a tsakanin nan ana ganin hayaƙi na fita daga gidan kuma an ba shanu abinci, wato ga alama wanda ya yi kisan ya zauna a gidan yana ci yana sha da gawarwaki a gefe. Kai, wannan wurin ne ke tayar min da tsigar jiki. Da aka gano, kafin masu bincike su iso daga Munik jama'a sun cika gidan, an matsar da gawarwaki, an taɓa kaya, har akwai waɗanda suka ci abinci a kicin ɗin. Sak irin abin da muka yi a bakin burtali. Kuɗi kuma masu yawa na nan a gidan ba a ɗauka ba. Makamin ma sai a 1923 aka same shi a ɓoye cikin rufin gidan lokacin da ake rushe shi.

An tuhumi mutum sama da 100, ba a kama kowa da laifi ba, aka rufe fayil ɗin a 1955. Maƙwabcin da ya jagoranci shiga gidan, wanda dama akwai tsohuwar alaƙa tsakaninsa da Viktoria, shi mutanen yankin suka ɗora wa, ya yi ta kai masu kiransa mai kisa kotu yana cin nasara har ya mutu a 1941, amma bakin mutane bai rufu ba. A 2007 ɗaliban wata makarantar horon 'yan sanda a Jamus suka sake duba takardun, suka ce ra'ayinsu ya haɗu kan mutum ɗaya, amma suka ƙi faɗin sunan saboda zuri'arsa na raye. Ka ji fa, shekara 85 bayan abin, dalilin da ya rufe bakin babana shi ya rufe nasu.

Mu a namu, an ja Yasin a masallaci bayan sadakar bakwai, aka ce duk wanda ya yi Allah ya tona masa asiri. Mijin goggo na cikin sahu ranar. Ya rayu shekara 23 bayan nan, ba wanda ya taɓa ce masa uffan, amma ba a ƙara sa shi waliccin aure ba, in ya zo majalisa hira sai ta mutu, babbar 'yarsa ma sai wani gari can nesa ta yi aure don samarin garinmu iyayensu sun hana. In shi ne ya yi, bai fuskanci shari'a ba, in kuma ba shi ba ne to mun zalunce shi shekara 23, mai yin kuma yana cikinmu muna gaisawa da shi. Wannan ne abin da ke hana ni barci wani lokacin.

Ranar da mijin goggo ya rasu babana ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Gonar da aka yi rikicin a kanta tana nan har yau ba mai nomanta, sabara ta cinye ta, yara ne ke kai awaki kiwo a ciki.