Tambaya da Amsa: Wace motar kwana ce za ta ɗauki iyali mai mutum shida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Texas da iyalina, mu shida ne. Muna so mu yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, mu zaga lokacin hutun yara. Na ga an kasa su A, B da C. Wato A ce babba, C ce ƙarama? Wacce za ta ishe mu?
Mai karatu daga Houston

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, haruffan nan ba jerin girma ba ne. A ce babba kam, amma B ce autarsu, C na tsakiya.

A kamar doguwar bas take, tsawonta ƙafa 26 zuwa 45, wasu injin dizal ne a bayansu. Akwai sakewa, sai dai mai take sha kamar ba gobe: galan ɗaya da ƙyar ya kai mil 10. Tsayinta kan kai ƙafa 13, don haka ba kowace gada za ka bi ƙarƙashinta ba. A Texas kuma, in nauyin da aka ƙayyade mata ya wuce fam 26,000, lasisinka na ƙaramar mota bai isa ba.

B kuwa ƙaramar bas ce irin Sprinter ko Transit aka shirya cikinta. Ta mata da miji ce, ka cire ta a lissafi.

Taka ita ce C, wadda ake gane ta da gadon da ya leƙo saman kan direba. Yawanci a kan ƙashin Ford E-350 ko E-450 ake gina ta. Kafin ka biya, ƙirga bel ɗin kujeru, ba gadaje ba, domin mota na iya kwanar da shida amma bel ɗinta bai kai shida ba. Duba takardar da ke manne a bakin ƙofa, ta faɗi iyakar kayan da za a loda. Ruwa ma kaya ne: galan 40 ya kai kilo 150. Sannan ka danna rufin gadon saman nan da yatsa. In ya lotsa ko kana jin warin danshi, ruwan sama ya shiga ta haɗin, katakon ciki ya fara ruɓewa.

Inda sababbin shiga ke shan wahala shi ne tankuna. Uku ne: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Gidan da ake alwala sau biyar ana tsarki da buta, tankunan ƙazanta kan cika da wuri, sai a riƙa duba ma'auni kullum. Kada ka bar bakin tankin masai a buɗe in ka haɗa shi da magudana a sansani, wato filin da irin motocin nan ke yada zango. Ruwan zai tsiyaye ya bar dattin ya daskare ya toshe. Bari ya kai kashi biyu cikin uku, ka fara zubar da shi, sannan ka saki na wanka ya ɗauraye bututun.