Shekara 35 a wajen Sinawa: camfi ne ko ilimi?

Tambaya: Ina saro kaya a Guangzhou, kuma na shaƙu da wani Basine da muke hulɗa. Shekarunsa 41, matarsa 34, suna son haihuwa ta biyu. Mahaifiyarsa ta kafe cewa lallai a yi kafin matar ta cika 35, in ba haka ba yaron ba zai yi ƙwari ba. Daga ina suka samo wannan, kuma akwai gaskiya a ciki?

Amsa: Maganar tsohuwar tana da asali. A cikin Huangdi Neijing, littafin da maganin gargajiyar Sin ya ginu a kansa sama da shekara 2,000, an raba rayuwar mace bakwai-bakwai. A 14 take fara al'ada, a 28 jikinta yake kan ganiyarsa, a 35 fuska ta fara yanƙwanewa gashi ya fara zuba, a 49 haihuwa ta tsaya. Namiji kuma takwas-takwas: balaga a 16, ganiya a 32, raguwa daga 40. Duk wannan sun ɗora shi a kan ƙoda, wadda a fahimtarsu ita ce rumbun ƙarfin da mutum ya gada, kuma daga nan yake ɗiba ya ba ɗansa. In rumbun ya yi ƙasa, sai a ce yaron ya zo da ƙarancin guzuri.

Abin lura, lissafin bai bar namiji ba. Da shi za a bi, abokinka mai 41 ya riga matarsa tsallake nasa layin. Surukai dai ba su cika tuna wannan ɓangaren ba.

A asibiti ma 35 na da matsayi: likitocin Sin, kamar na sauran ƙasashe, suna ƙara sa ido kan mai ciki daga wannan shekara. Dalilin ƙwai ne, ba ƙoda ba. Mace da dukkan ƙwayayenta ake haihuwarta, kuma suna tsufa tare da ita, sai kuskure wajen rabon kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, ya yawaita. Yiwuwar haifar yaro mai larurar Down, wadda ƙarin kuromosom ɗaya ke jawowa kuma take jinkirta girma da koyo, kusan 1 cikin 1,250 ce a shekara 25, kusan 1 cikin 350 a 35, kusan 1 cikin 100 a 40. Ɓari, hawan jini da ciwon sukari na lokacin ciki su ma suna ƙaruwa. Amma hawan a hankali yake, babu wani abu da ke faruwa ranar da ta cika 35, kuma 1 cikin 350 na nufin sauran 349 ba su da larurar. Batun cewa yaron zai tashi ba ƙwari don kawai shekarun uwa, wannan ba shi da hujja.

Na uba kuwa, wani bincike da aka yi a Iceland a 2012 ya nuna kowace shekarar da uba ya ƙara tana zuwa da kusan sabbin sauye-sauye biyu a ƙwayoyin halittar da yake ba ɗansa. Galibi ba su da illa, ko da yake wasu larurori marasa yawa, irin wadanci, sun fi bayyana a 'ya'yan dattawa.

Ka kuma tambaye su da wane ƙirge suke cewa 34. A tsohon lissafinsu jariri shekararsa ɗaya ranar haihuwa, kuma kowa yana ƙara ɗaya a sabuwar shekararsu ta wata. Mai 34 a bakin tsofaffi tana iya zama 33 ko 32 a takarda. Da wannan ƙirgen ake duba jadawalin nan da ake cewa yana faɗin mace ko namiji za a haifa, daga shekarun uwa da watan ɗaukar ciki. An gwada shi a kan haihuwa kusan miliyan 2.8 a Sweden, ya dace da rabi kawai, wato daidai da canke.

Matsin lambar yana da nasaba da doka ma. A ƙasar Sin sai a 2016 aka buɗe wa kowa haihuwar ɗa na biyu, na uku a 2021, don haka ma'aurata da yawa suka zo neman ƙari shekaru sun ja.

Abin da ya kamata su yi: matar ta fara shan folik asid, wani nau'in bitamin, maikirogiram 400 kullum, wata uku kafin ciki har zuwa mako 12. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa bayan an ga ɓatan wata, alhali bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa cikin kwana 28 na farko. A auna mata jini da sukari tun yanzu. Shi kuma, in yana shan taba ko giya, ya daina wata uku kafin nan, domin maniyyi na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya nuna. In ciki ya samu, daga mako na 10 akwai gwajin jinin uwa da ke nuna yiwuwar larurar Down, wanda ya samo asali daga binciken masanin kimiyya Dennis Lo na Hong Kong a 1997. In suka yi wata shida suna nema babu labari bayan ta kai 35, su ga likita su biyun, kada su jira shekara.