Amsa: Wa ke shata iyakar yankin Shampen a Faransa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk inabin da aka noma a yankin Shampen ana iya sa wa giyarsa wannan suna. A'a. Iyakar ba ta bin taswirar jiha, gona-gona ake shata ta. Ƙauye ɗaya, wannan fili yana ciki, na maƙwabcinsa yana waje.

Shatar farko ta 1908 ce ta tayar da ƙura, don an bar manoman Aube, wata jiha a kudancin yankin, a waje. A 1911 rikici ya ɓarke, sai aka shigo da su a matsayin yanki mai daraja ta biyu, abin da bai kwantar musu da hankali ba. Dokar 22 ga Yuli 1927 ce ta raba gardama, ta dogara da tarihin noman inabi a wurin.

Yau INAO, hukumar Faransa mai kula da sunayen asali na kayan noma, ke riƙe da ragamar: kimanin hekta 34,000 a ƙauyuka 319. Tun 2003 ake sake duba iyakar, masana na nazarin ƙasa da gangaren tudu, amma aikin na tafiyar hawainiya. Ba mamaki, hekta ɗaya a ciki takan haura Yuro miliyan ɗaya, gonar alkama a gefenta kuwa ko kusa ba ta kai ba.