Jirgi mara inji ko mai inji: wanne zan fara koya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jamus, shekarata 22. Kusa da garin da nake akwai kulob na masu tuƙa jirgin sama mara inji, wanda ake kira gilaida. Kuɗinsu da sauƙi, amma abokina ya ce wasan yara ne, gara in tara kuɗi in koyi mai inji. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, da alama abokin naka bai taɓa shiga ba. A 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 a sararin Kanada, matuƙin ya lallaɓo da shi ya sauke a Gimli ba a rasa rai ba. Mutumin tsohon hannu ne a gilaida.

Ka taɓa tsayawa kusa da mahauta da azahar ka ga shirwa tana kewayawa, tana ƙara sama, ko fiffike ba ta kaɗawa? Iskar da rana ta ɗumama ce ke tasowa daga ƙasa, ita kuma ta hau kanta. Karatun gilaida ke nan. Za a fizge ka da doguwar igiya, kafin minti guda ka kai wajen mita 400, ka saki igiyar, sai tsit. Daga nan kai da idonka ne, da wani ɗan zare da aka manna a gilashin gabanka, wanda da ka karkace zai tona maka asiri. Gilaidar koyo irin ASK 21 tana tafiya mita talatin da 'yan kai kafin ta yi ƙasa da mita ɗaya. Ƙaramin jirgi mai inji irin Cessna 172 kuwa, in injinsa ya mutu, mita tara zai yi. Sauka kuwa sau ɗaya ce, babu batun a sake zagayowa.

Sai dai arahar nan da lokaci ake biyanta. Malaman kulob yawanci sa-kai suke yi, don haka za ka wuni a fili kana tura jirgi, kana riƙe wa wani fiffike, rabonka bai wuce tashi biyu ko uku na 'yan mintoci ba. Da sanyi ya shigo kuma a koma rumfa ana gyare-gyare.

In burinka aikin tuƙi ne, a nan zancen abokinka ya yi nauyi. A dokar Turai lasisin gilaida na buƙatar awa 15 na horo, na matuƙi mai zaman kansa (PPL) a jirgi mai inji awa 45. Idan ka ƙaura zuwa mai inji, kashi 10 cikin ɗari kawai na awannin da ka tuƙa da kanka za a rage maka, kuma rangwamen ba zai wuce awa 10 ba. Kamfanoni awannin inji suke ƙirgawa.

Da ni ne kai, da gilaidar zan fara. Mai inji ka same shi a gida, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya nan tun 1964. Amma gilaida, gidanta ka je: tun da yarjejeniyar Basai (Versailles) ta takura wa Jamusawa jiragen inji bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suka rungume ta a tsaunin Wasserkuppe.

Kafin ka biya ko sisi, ka ga likitan matuƙa, sannan ka nemi tashin gwaji. Kada ka cika ciki ranar, kewayen nan yana tayar da zuciya.