Baƙin bijimi da baƙar saniya, amma maraƙi ja

Ɗan'uwa, ka ce bijiminka na irin shanun da ake kira Angus baƙi ne, saniyar ma baƙa, sai ga maraƙi ya faɗo ja, har ka fara zargin an cuce ka. Kwantar da hankalinka tukuna.

Maraƙi yana gadon ƙwayoyin launi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Baƙi yana danne ja, don haka dabba tana iya zama baƙa ƙirin alhali tana ɗauke da ja a ɓoye. Idan iyaye biyun duk haka suke, ana sa ran kusan maraƙi 1 cikin 4 zai fito ja. Kuma jan Angus ba jabu ba ne, a Amurka har ƙungiyarsa daban aka kafa a 1954.

Inda mutane suka fi tafka kuskure shi ne ɗaukar kowane baƙin sa a matsayin Angus. Yanzu akwai baƙaƙe a wasu irin shanun kamar Simmental da Limousin, an shigar musu da launin ta hanyar barbara. Ni dai ba na sayen bijimi don launi kawai.

Nemi takardar asalin bijiminka. In har zuciyarka ba ta kwanta ba, likitan dabbobi zai tsige gashin wutsiya ya aika gwajin ƙwayoyin halitta.