Amsa: Daidaita katakan tirela da ƙasan jirgin ruwa

Malam, ka ce jirginka yana karkata gefe ɗaya idan ka ɗora shi a tirela. Katakan nan biyu masu kafet da jirgin ke kwanciya a kansu ne ba su zauna daidai ba. Sassauta notunansu, ka tabbata kashin tsakiyar jirgin ya hau rolar tsakiya, sannan ka ɗaga kowane katako da jak har ya manne da jikin jirgin, ko takarda kar ta shiga tsakani. Kada katakon ya hau kan jijiyoyin ƙasan jirgin, wato dogayen layukan da suka ɗan fito a jikinsa, gefensu zai kwanta. Ƙarshensa kuma ya ɗan zarce bangon bayan jirgin, can nauyin injin yake. Ni da tef nake aunawa daga tsakiya zuwa kowane katako, ido yana yaudara. Sai ka ɗaure notunan.