Wane irin ringi zan saka wa injin K24 da nake so in ɗora wa tobo?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Honda Accord 2005 mai injin K24, na sauke injin saboda ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, to tunda an riga an buɗe shi nake so in gyara shi da kyau in ɗora masa tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Na yi odar fistan na kamfanin Wiseco mai faɗin milimita 87.5. Wani ya ce min in sayi ringi na Honda orijinal in saka kawai tunda ya fi inganci, wani kuma ya ce a'a. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi kyan kai da ka tambaya kafin a ɗaure injin, don ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye da fistan yana tare iska da baƙin mai, ƙaramin abu ne a ido amma shi ke kashe aikin miliyoyi. Wanda ya ce ka sayi na Honda ba mugunta yake maka ba, ringin Honda mai kyau ne, sai dai ba na fistan ɗinka ba ne. Fistan shi ke zaɓar ringinsa, ba sunan mota ba.

Ɗauki fistan ɗin ka duba, za ka ga rami uku a kewaye da kansa, kowane rami da kaurinsa da zurfinsa. Irin waɗannan fistan na Wiseco yawanci raminsu milimita 1.0 ne a sama, 1.2 a tsakiya, 2.8 na ringin mai, kuma ba lallai ringin Honda ya zo daidai da haka ba. In ringi ya yi kauri ba zai shiga ba, wannan ma da sauƙi don nan take za ka gane. Matsalar ita ce wanda ya shiga amma yana rawa a cikin ramin, sama da ƙasa, shi ne yake turo mai zuwa saman fistan yana kuma cinye bakin ramin a hankali. Saboda haka duba kwalin fistan ɗin, galibi ringinsa a ciki yake zuwa, in babu to akwai lambar ringin a takarda, da ita za ka yi oda.

Sai maganar faɗi. Sitandan silindar K24 milimita 87 ne, kai kuma ka sayi 87.5, ke nan dole bulok, wato gangar jikin injin, ya je wajen masu bori, wato masu faɗaɗa ramin silinda, kuma ka kai musu fistan ɗin a hannu su auna su yanka a kansa, kar ka yarda a yi borin da ka. Ringin ma dole ya zama 87.5. In ka saka na 87 a silindar 87.5 bakinsa zai ƙara buɗewa da wajen milimita 1.5, kwamfireshan duk ya tsere ta nan. Akasin haka ma ina ganin ana yi a gareji, a sayo babban ringi a gagare shi har ya shiga ƙaramin rami, wallahi ba ya zama zagaye daidai, haske za ka gani ta gefensa in ka haska tocila.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe, gibin bakin ringi. Ringi ƙarfe ne, in ya ɗau zafi miƙewa yake, shi ya sa ake barin ɗan gibi tsakanin bakunansa biyu. Tobo kuwa zafi yake ƙarawa sosai a kan fistan, to gibin da ya ishi injin kamfani ba zai ishi naka ba. In bakunan suka haɗu ringin ba shi da wurin zuwa, sai ya cije bangon silinda ya ɓalle kan fistan. An taɓa kawo min wani inji da ko wata ɗaya bai yi da ɗaurewa ba, da muka zaro fistan na uku gefen kansa ya gutsure kamar an ciji biskit, bakin ringin na sama kuwa yana sheƙi kamar madubi, alamar sun yi ta gugar juna ke nan. Daga kwali aka ciro aka saka, ba wanda ya auna.

Lissafin ba wuya. Ga tobo na hawa titi mara tsananin ƙarfi, ana ninka faɗin silinda da 0.005 don ringin sama, ke nan 87.5 zai ba ka kusan milimita 0.44. Na biyu a ɗan fi buɗe shi, wajen 0.48, domin iskar da ta sulale ta wuce na sama ta samu hanya, kar ta taru a tsakani ta ɗaga shi. Gibin siraran ringin mai kuma kar ya gaza 0.38. In za ka matsa wa tobon lamba sai a ƙara gibin, kuma in takardar cikin kwalin ta faɗi wani adadi daban to ita za ka bi, ba ni ba. Gibi ya ɗan yi yawa ya fi ya yi kaɗan nesa ba kusa ba, na farko ɗan ƙarfi za ka rasa, na biyu inji za ka rasa.

Wajen aunawa, saka ringin shi kaɗai a silindar da zai zauna, ka tura shi ƙasa kaɗan da kan fistan don ya daidaita, sannan ka zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna gibi, tsakanin bakunansa. In ya matse ka gagari baki ɗaya kawai da magagari mai laushi, daga waje zuwa ciki don kar rufin jikinsa ya ɓare, kaɗan kaɗan kana sake aunawa, abin da ka cire ba ya dawowa. Kowane ringi a ajiye shi da lambar silindarsa.

Irin ƙarfen kuma, ringin sama na sitil wanda aka ƙarfafa da naitirojin nake ba da shawara. Mai rufin moli, wato wani irin ƙarfe da ake lulluɓe fuskar ringi da shi, yana zama da wuri kuma yana da kyau a injin da ba tobo, amma in inji ya fara ƙarar ƙwanƙwasa saboda fetur mara kyau rufin kan ɓare, kuma ka san ba kullum muke dace da mai ba. Bulok ɗin K24 bangon silindarsa zubin ƙarfe ne, yana karɓar sitil lafiya. Da injin H22 na Honda Prelude ne da magana ta canza, shi bangonsa wani haɗi ne daban da ba kowane fistan da ringi yake ɗauka ba.

Ka gaya wa mai bori irin ringin da za ka saka don ya san gogewar da zai yi wa bango, ka ga zanen gogewar ya gicciye juna, sannan a wanke silinda da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fes. Gefen ringi mai alama ko rubutu sama yake kallo, gibin kuma a rarraba su kar su jeru layi ɗaya. In an tada injin a fara da baƙin mai na gargajiya ba sintetik ba, kar a bar shi yana ta silo a tsaye, fita da shi kana taka wuta kana saki, tobon kuma kar a ƙara masa ƙarfi tukuna har ringin ya zauna.